Tauraron da Ya Yi Tafiya a Ɗanzomo

Jiya na ji a rediyo Turawa sun sake harba ƙarfe sama, sai Baffa, wan mahaifina, ya faɗo mini a rai. Shi ke duba taurari ya faɗi ranar binne iri.

Farkon harbawarsu, bayan magariba, muka ga tauraro yana tafiya. Maza suka ce tashin duniya ne, ba mai shuka. Ni kuwa ga 'ya'ya huɗu, rumbu ba komai. Baffa ya daɗe yana kallo, carbinsa na ƙas-ƙas.

Ya ce, "'Yar nan, na Allah ba ya gaggawa. Wannan na mutum ne. Gobe ki binne irinki."

Ni kaɗai na binne a garin. Kwana uku, ruwa ya sauka. Allah Ya kai haske kabarinsa.