Mainassara da Farashin Muryar Baturiya

Mainassara ba ya waƙa. Ko kiran salla ba a ba shi sai in an rasa kowa. Abin da ya mallaka a Magariya ɗaki ne guda da ya manna wa kwalin ƙwai a bango don tare hayaniya, da tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, sai kuma Baturiya, zabiyar da mata ke barin daka su saurara. Shi ke naɗar waƙarta, ya sayar wa masu tura waƙa a waya.

Manyan masu turawar uku ne, Alhaji Ilyasu ne babbansu. Kowannensu yakan sayi sabuwar waƙa jika ashirin, ya kwafa iya son ransa. Wata rana suka zauna suka gano talaka na shan wahala, don haka daga yanzu jika biyar za su biya. Abin da suke karɓa a hannun talakan dai bai motsa ba.

"Alhaji, biyar ko mai kalangu ba za ta sallama ba," in ji Mainassara.

"To kai wa wani, ɗana. Muna nan."

Babu wani, kowa ya sani. Baturiya kuwa ta ce in aka rage mata ko dala, za ta tsallaka Najeriya, can ma akwai masu kwalin ƙwai. In ta tafi, ɗakin ya koma wurin ajiye gero.

Mainassara ya hau moto ya nufi kasuwar Dogo-Dogo. Ya zauna rumfar Zakari mai cajin waya, ya sa aka shelanta cewa duk mai son Baturiya ta ambace shi cikin sabuwar waƙa ya zo da ɗan abin hannunsa. Manoma suka yi layi, wani har da sunan kakarsa. Mako na gaba ya yi haka a Sassumbrum. Waƙa ɗaya ce, amma kowane gari da tasa gaisuwar. Magariya kaɗai bai yi wa ba.

Alhaji Ilyasu bai damu ba. Ya samo ta Dogo-Dogo kyauta, ya saka a lasifikar butik ɗinsa, shagon da yake tura waƙa. Kasuwar Magariya ta wuni tana jin yabon wani Hamisu mai jaki biyu da surukansa.

"Alhaji, ina tamu?" wata mai tuwo ta tambaya. "Ko mu ba mutane ba ne?"

Da masu irin wannan tambaya suka yi yawa, Alhaji ya tako da kansa ɗakin kwalin ƙwai.

"Goma, ɗana."

"Ashirin, Alhaji."

"Sha biyar, don zumunci."

"Zumuncin na nan. Ashirin."

Alhaji ya biya, sauran biyun suka biyo baya. Har ya kai ƙofa ya juyo, ya rage murya.

"Ka ce mata ta fara da sunana."

"Sai dai na biyu, Alhaji," in ji Mainassara. "Mai tuwo ta riga ka biya."