Muryar Namiji a Ɗakin Takaba

Har yau in na ji an yi gyaran murya a bayan ƙofa sai gabana ya faɗi. Ban daɗe da dawowa makaranta ba, kuma 'yan ɗakin kwananmu sun gane, sai su laɓe su yi irin ta tsofaffi don su ga na zabura. Su dariya suke yi. Ni kuwa na san saura ƙiris da yanzu ina garinmu Boɗinga ina surfe, littattafaina suna cikin akwati ƙarƙashin gado.

Lokacin da aka ɗauke ni makarantar 'yan mata ta kwana, shekara kaɗan bayan samun mulkin kai, Baba bai hana ba, amma sai da ya zaunar da ni a zaure ya kafa mini sharaɗi guda. Ya ce ranar da bokon nan ya jawo wa gidansa magana a bakin mutane, ranar na gama karatu, ko da saura kwana ɗaya in karɓi takardar shaida. Baba ba ya maimaita magana, kuma ba ya mantawa.

Da za a ba mu dogon hutu, malamarmu ta Turanci, wata Baturiya mai yawan atishawa, ta ce kunnena ya fi bakina lalaci. Ta ba ni aron fayafayan garmaho a cikin jaka mai kauri. Wani tsohon littafin labari ne na ƙasarsu, wani mutum ya karanta aka ɗauki muryarsa. Rabi ta ba ni, ta ce sauran sai in na dawo da waɗannan lafiya. Ban gaya mata gidanmu babu garmaho ba.

Ina isa gida na tarar mijin Goggo, ƙanwar Baba da ke aure a Shagari, ya rasu. Tela ne, mutum mai shiru-shiru. Goggo ta shiga takaba, 'ya'yanta mata duk suna gidajen aurensu, sai aka tura ni in taya ta zama. Na same ta ba kwalli ba lalle, ba ta leƙa ko zaure, in namiji ya yi sallama sai ni in amsa. Amma bakinta bai shiga takaba ba. Da 'yan gaisuwa suka ja baya, zaman ya fara gundurar ta, ta ce in nuna mata abin da nake ɓoyo cikin jakar nan kamar mai kiwon ƙwai.

Na nuna mata. Ta juya faifai ɗaya a hannunta, ta nuna ƙarƙashin gado da haɓa. Can garmahon marigayi yake, an lulluɓe shi da tsumman atamfa.

“Goggo, takaba fa kike.”

“Kiɗi anka hana ni. Wanga kiɗi ne?”

“A'a, karatu ne.”

“To wana shi mu jiya.”

Haka muka fara. Kullum bayan azahar, lokacin da zafi ya kori kowa inuwa, sai in saki asabari, in wana garmaho, in ɗora allura. Mutumin ya yi magana kaɗan, in ɗaga allura in juya wa Goggo da Hausa. Muryarsa ƙasa-ƙasa take, mai kauri, kamar mai roƙon arziki.

Labarin wani likita ne a wani gari mai sanyi, shi yake ba da shi da bakinsa. Yana son 'yar wani tsoho mai ciwon tari. Duk ranar da ya shirya zai gaya mata, sai ya je gidan, ya tsaya, ya buɗe baki, ya tambayi jikin tsohon. Shekaru suna wucewa, tarin bai warke ba, shi ma bai faɗa ba.

Goggo ta tsane shi tun ranar farko, kuma ba ta yarda a tsallake ko kalma ɗaya.

“Mi yac ce?”

“Ya ce a riƙa dafa wa tsohon ruwan zafi.”

“Ruwan zahi! Allah wadan wanga likita. Ita kuma mi tac ce?”

“Ta ce ta gode.”

“Sakarkaru biyu sun gamu. Ɗora muna.”

Wata rana, da likitan ya sake komawa gida bai faɗi komai ba, na jira zagin da ta saba, ban ji ba. Na waiga na ga tana murza bakin zanenta. Ta ce shi ma marigayi, mai garmahon nan, haka yake, tun da aka kawo ta bai taɓa ce mata komai ba sai “Kin ci abinci?” Amma ba a taɓa yin Sallah bai ɗinka mata riga da hannunsa ba, kuma bai taɓa gwada ta ba, rigar takan zo daidai. Ta share ido da bayan hannu, ta ce in wana, na tsaya kallonta kamar ban taɓa ganin mutum ba.

Mai kawo mana nono daga wajen Lambara ce ta tona mu. Ranar ta makara, ta shigo tsakar gida da ƙwaryarta daidai lokacin da likita yake tsakiyar magana. Sallamarta muka ji rabi, sai ƙarar munduwa tana nisa. Ko nonon ba ta sauke ba.

Kafin la'asar ɗin washegari maganar ta zaga Shagari ta rabu biyu. Wasu suka ce namiji ne ake ɓoyewa a ɗakin mai takaba. Wasu suka ce a'a, marigayi ne yake dawowa da rana tsaka, kuma ga alama a can an koya masa Turanci. Goggo ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba. Na san ranar kasuwa maganar za ta hau mota, kuma Boɗinga ba nisa.

Sai ga Malam. Yayan marigayi ne, mai makarantar allo a ɗaya gefen garin, shi ke riƙe da zancen gado, kuma tare suka yi karatu da Baba. Ban taɓa ganin haƙoransa ba. Muna tsakiyar faifai muka ji gyaran murya a bayan asabari, da ƙarar sanda a ƙasa. Na manta da allurar a kan faifai. Likita ya ci gaba da surutunsa, Malam yana tsaye a waje yana ji.

Tsakanin Goggo da yayan mijinta akwai kunya, ga kuma takaba, don haka ba su magana kai tsaye. Ni ce tsani, ko da yake asabari ɗaya ne tsakaninsu kuma kowa yana jin numfashin kowa.

“Ke ɗiyar boko. Ki ce ma goggonki, wa ke ciki?”

“Ki ce ma Malam akwatin ƙanenai ne, ba kowa ba.”

Ya sa na fito da garmaho tsakar gida. Na ajiye shi a gabansa. Ya zagaya shi, ya leƙa ƙasansa, ya ƙwanƙwasa da sanda. Ya san garmaho, amma waƙa ya san yana yi, bai taɓa jin ya zauna yana zance kamar baƙo ba. Ya zauna a kan turmi, ya ce in mayar da shi inda ya tsaya, in gaya masa abin da mutumin ke cewa, kalma da kalma.

Cikin fayafayan duka, babu inda allura ta ga damar tsayawa sai wurin da likita ya kulle kansa a ɗaki yana gwada abin da zai faɗa wa 'yar tsohon. Ya ce yana sonta tun ranar da ta buɗe masa ƙofa da fitila a hannu. Ya ce ba ya barci. Wannan ne zan juya wa Malam da Hausa, a ƙofar ɗakin matar ƙanensa mai takaba.

Na ce, “Allah gafarta Malam, yana bayanin maganin tari ne.”

Malam ya dube ni. Mutumin da ya shekara talatin yana kama yara in sun tsallake aya. Ya ce, “Maimaita shi.” Na mayar da allura. Wannan karon na ce zazzaɓi. Ina ganin zauren Baba a idona, da akwatin littattafaina a ƙarƙashin gado.

Sai murya ta fito daga bayan asabari.

“Ki ce ma Malam tsoro yas sa ki ƙarya. Mutumen son wata yake, shekara da shekaru, ya kasa hwaɗi.”

Na rufe ido ina jiran sanda. Ba ta sauka ba. Can Malam ya ce, “Budurwa ce ko matar wani?”

“Budurwa ce, Allah gafarta Malam.”

“Shina da sana'a?”

“Likita ne.”

“Ubanta ya hana shi?”

“Bai tambaya ba.”

“To mi yah hana shi?”

Goggo ta riga ni: “Ki ce ma Malam wauta.”

“Ba ya da wani babba da za ya aika? Ba baffa, ba kawu?”

Na ce a ƙasarsu mutum da bakinsa yake faɗa. Malam ya yi salati, ya girgiza kai don tausayin mutanen da aka bari ba manya. Ya ja gemu. Sannan ya nuna garmaho da sanda ya ce, “Juya bayan faifan.”

Da faifan ya ƙare ya yanke hukunci. Murya cikin akwati ba namiji ba ce, takabar Goggo ba abin da ya taɓa ta. Amma garmaho kayan gado ne da ba a raba ba, bai kamata ya zauna a ɗakin mutum ɗaya ba, a mayar da shi zaure inda shi zai riƙa zuwa yana duba lafiyarsa. Batuna kuwa, ya ce wannan tsakaninsa ne da Baba.

Goggo ta ce in ce ma Malam an yi mata fashi da rana. Aka daidaita: garmaho a bakin ƙofar zaure ta ciki, ni a durƙushe kusa da shi, Malam a kan buzunsa, Goggo a bayan asabarinta, in ɗaga murya kowa ya ji. Kullum bayan la'asar Malam yakan zo duba kayan gado. Ba a taɓa duba kayan gado da naci irin wannan ba. Ni kuwa ko tuwo ba ya wuce mini, don bai sake ta da zancen Baba ba, kuma fuskarsa ba ta nuna komai.

Faifai na ƙarshe ya ƙare a mugun wuri. Tsohon ya rasu, 'yarsa ta ɗaure kayanta za ta bar garin, likita ya fito da gudu cikin ruwan sama, ya iso ƙofarta, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa. Sai allura ta shiga ƙuuu.

“Ɗora na gaba.”

“Babu, Allah gafarta Malam. Sauran suna makaranta.”

Ranar da zan koma gida ya ce tare za mu. Muka shiga motar kasuwa, shi a gaba, ni a baya cikin buhunan albasa, ina ta karanta duk addu'ar da na iya. A Boɗinga muka tarar da Baba a zaure, kuma kallon da ya yi mini ya isa in gane labari ya riga mu. Na durƙusa a gefe. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta gida da gona da damina da haƙurin rashi, ni ina mutuwar tsaye a durƙushe.

Baba ya ce, “Malam, na jiya ɗiyag ga ta jawo muna magana. Na ko yi mata alkawari.”

Malam ya ce, “Magana ta 'yan nono ce, na kashe ta. Amma akwai wata mas'ala da muka faro da ita, ba mu kai ƙarshe ba, kuma sauran bayanin shina can makarantarsu. Ka bari ta koma. Hutu na zuwa ka turo min ita da shi.”

Baba ya gyara zama cike da girmamawa. Ya tambaya ko mas'alar gado ce.

“Ta aure ce,” in ji Malam. “Mai wuya.”

Ga ni a makaranta. Na mayar wa Baturiya fayafayanta ba ko ƙwarzane, ta yi atishawa ta ce kunnena ya buɗe, ta ba ni sauran. Jiya na saurare su a ɗakin karatu. Likita bai ƙwanƙwasa ba. Ya sauke hannunsa, ya koma gida, ya tsufa shi kaɗai.

Goggo za ta zage shi ta huce, wannan na sani. Malam ne ban san yadda zan yi da shi ba. Da za mu rabu a Boɗinga sai da ya ce in likitan nan bai buɗe baki ba bayan duk wannan wahala, to ba zai yarda ba, kuma zai sa in maimaita masa wurin har sai ya tabbatar ba ni na ɓata ba.