Hajiya Azara da Hayar Wata Tara

Ranar Talata, 12 ga Oktoba 1993, bayan sallar Azahar, Allah ya karɓi ran Hajiya Azara Mumuni a gidanta na unguwar Komah, Sokodé, ƙasar Togo, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Mu duka nasa ne, kuma can muka nufa. Ni Nourou Garuba, ɗan maƙwabtanta, ni ne mai riƙe mata littafin haya.

Hajiya, lokacin da na dawo daga jami'a a Lomé, a watan Agusta 1992, takarda ce kawai a hannuna, ba aiki. Kika aika aka kira ni, kika ce tunda lissafi na karanto, in zo in gwada shi a kan gidajenki biyu: mai ɗaki takwas a Komah, da mai ɗaki shida kusa da kasuwar Dapaong. Da ribar atamfa kika gina su, ɗaki bayan ɗaki. Tun ranar kike ce mini Mushe, wato Monsieur na Faransanci da ake kiran 'yan boko da shi, don tsokana.

Ba ki yi boko ba, amma kina da tsari. Kowane gida da langarsa ta ajiye kuɗin haya, kuɗin Komah ba ya gyara Dapaong. Cikin kowace jika goma, wato sefa dubu goma, kina ware ɗaya don kwano da siminti, ko ana biki ba a taɓa ta. Idan muka je duba gida, makewayi da magudanar ruwa kike fara leƙawa, sannan ki gaisa da mutane. Na taɓa ba ki shawara mu riƙa karɓar hayar shekara tun kafin mutum ya shiga, kamar yadda ake yi a Lomé. Kika ce wanda ya biya shekara ba ya sake ganin fuskarki, ke kuma ba za ki san ranar da ɗakinsa ya fara yoyo ba.

A watan Nuwamba 1992 aka shiga babban yajin aiki, albashi ya tsaya. Biyar daga masu hayarki ma'aikata ne, biyu a Komah, uku a Dapaong. Ɗayansu, Mushe Mamadou malamin makaranta, ya aiko da rediyonsa a madadin haya. Kika sa na hau mota na mayar masa har Dapaong, duk da shingayen da ke hanya, tare da tiya biyu na masara.

Akwai wata magana da ta zama dole in rubuta a nan, don kuskurena ce. Ranar Juma'a, 5 ga Fabrairu 1993, da hantsi, a zaurenki, a gaban Malam Huseini magini, kika ce: "Tun daga watan da albashi ya tsaya har ranar da zai dawo, na yafe wa mutanen nan biyar. Ka goge."

Na ce, "Hajiya, an koya mana ba a soke bashi sai da takarda da sa hannu."

Kika yi dariya. "Mushe, bakina bai ishe ka ba?"

Na ji kunya, amma ban goge ba. Na ci gaba da rubutawa kowane wata da jan biro, ina cewa gobe zan kawo takarda ki dangwala. Na shirya ta tun watan Maris. Tana cikin jakata har yau, ba yatsanki a kanta.

Bayan addu'ar arba'in za a miƙa littafin ga malamin da zai raba gado, kuma abin da ake bin mutane yana shiga cikin dukiya. Zai ga mutum biyar, kowa jika huɗu a wata, wata tara daga Nuwamba zuwa Yuli kafin albashi ya dawo, jimla jika ɗari da tamanin. Mutanen nan har yanzu ba su farfaɗo ba. Idan aka bi su, wasu sai sun bar ɗakunan.

Yaya Abdul'aziz, Yaya Khairiya, ku 'ya'yan Hajiya, na san wannan kuɗi ba kaɗan ba ne, kuma ba ni da hurumin raba muku hakki. Shaida kawai nake bayarwa: mahaifiyarku ta yafe da ranta da lafiyarta, wata takwas kafin rasuwarta. Jan rubutun nan nawa ne, ba nata ba. Malam Huseini yana raye, na je wurinsa jiya, ya ce yana tune, kuma zai faɗa a gaban kowa. Ni ma a shirye nake in rantse.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ku, da jikoki, da danginta na Aouda, da duk masu kwana ƙarƙashin kwanonta. Allah ya ba mu haƙurin rashinta.

Hajiya, ki yafe mini jinkirina. Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya yafe miki yadda kika yafe, ba tare da neman takarda ba. Amin.