Sistar da Albasa Ba Ta Sa Ta Hawaye

Sista Monika ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina shara a tsakar gida. Wata ƙaramar Sista ce ta kira daga gidan da suke ajiye tsofaffinsu, ta tambaya ko ni ce Kulu ta Jega. Na ce ni ce. Ta ce marigayiya ta bar mata saƙo tun da daɗewa, cewa duk ranar da ta cika a gaya mini kafin a gaya wa kowa.

Tsintsiyar tana nan inda na yar da ita. Na duba gidan nan kaf, ban ga wanda zan gaya wa ba, shi ya sa nake gaya muku.

Yaran yanzu ba ku san ta ba. 'Yar Katolika ce, cikin matan nan masu zaman zuhudu da ba sa aure, mutuniyar ƙasar Zuru. Lokacin da aka ba mu jihar Kebbi, tana riƙe da wani ɗan asibitin mishan a gefen Jega, ni kuma aka ɗauke ni aikin jinya a wurin. Da farko Sistoci biyu ne a wurin, sai tsohuwar ta yi rashin lafiya aka mayar da ita gida. Sista Monika ta rage ita kaɗai a ɗakin bayan asibiti. Fada, limamin cocinsu, yakan zo daga Birnin Kebbi jefi-jefi ya yi mata ibada ya koma.

Ita ke tuna mini salla, ku ji fa. In aiki ya sha kaina sai ta karɓi allurar daga hannuna ta ce, "Kulu, an kira la'asar."

Da azumi ban taɓa ganin ta sha ruwa a gabana ba.

Da maigidana ya rasu, kullum in ta tashi aiki sai ta zo ta zauna da ni a kan tabarma har na fita takaba. Ba ta iya dogon surutu ba. Zama kawai take yi, tana tsince mini shinkafa.

Tabarau take sakawa, mai kauri kamar gindin kwalba. Ina yawan tsokanarta cewa da shi za ta iya hango kasuwar Maiyama daga ƙofar asibiti. Ashe ko da shi ɗin ba ta gani sosai. Sai da ta fara laluben jijiya a hannun jariri tana kasa samu, sannan ta yarda ta je ganin likitan ido. Likita ya ce tabarau ya gama yi mata amfani, sai dai kontak lens, wani ɗan gilashi da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido. Bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, kuma in an saka ba mai ganewa.

Nan fa hankalinta ya tashi. Ta ɗauki alkawarin barin ado da ƙawa har mutuwa, ga shi an ce ta cire tabarau ta fito da fuska. Ta tambaye ni ko wannan ba ado ba ne. Na ce mata, "Sista, kwalli ma magani na, kuma ado na. Wa kig ga an kama don ya sa kwalli?" Ta yi dariya, amma ba ta saka ba sai da ta yi tattaki ta je ta tambayi babbarsu.

Da ta dawo ta ce babbar ta yi mata tambaya biyu, ko yana sauya launin ido, kuma ko likita ne ya rubuta. Sannan babbar ta ce babu dokar cocinsu da ta hana, abin da suke gudu shi ne ƙawa da almubazzaranci, don haka ta saka ta je ta yi aikinta. Wata tsohuwar Sista dai ta yi ta gunaguni, wai Sista ba tabarau kamar budurwa mai neman miji. Ni kuwa na ce tsohuwar ba ta yi ƙarya ba, domin direbobin tashar Jega sun fara gaishe ta sau biyu.

Aiki ya dawo daidai. Muna cewa an huta, ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Wata rana da yamma, wata mata ta kawo jikanta ba ta same mu a asibiti ba, sai ta zagaya baya ta leƙa ɗakin Sista. Ta tarar da ita a gaban madubi ta ja fatar ido, wani abu ya faɗo a tafinta, ta saka shi a ɗan gwangwani mai ruwa ta rufe. Matar ta goya jikanta ta arce.

Kafin ranar kasuwa ta zagayo, magana ta kai Aliero, matar tana ta faɗa wa mutane: "Da idona nig gani, tac cire idonta tas sa cikin ruwa." Mace ba miji, ba ɗa, ba dangi a gari, kuma tana cire ido ta ajiye. Kun san sunan da aka ba ta. Mayya.

Bencin asibiti ya zama wayam. In mun je rigakafi Dangamaji ko Giwa Tazo, sai mu ga mata suna janye yara zuwa ɗaki. Na yi bayani har bakina ya gaji, aka ce ai ni ma ta lashe mini kurwa. Daga wurin manyansu kuma aka aiko cewa in mutane ba sa zuwa, za a rufe asibitin a mayar da ita. In ta koma tabarau ba za ta ga aiki ba, in ta ci gaba da sakawa ba mai zuwa.

Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Da safe za ta share asibiti, ta dafa allurai, ta zauna tana kallon hanya. Abin yana ci mini rai, wallahi.

Ana cikin haka aka yi suna a gidan ƙanwar mahaifiyata a Aliero. Na ce sai ta raka ni, ko ta so ko ta ƙi. Muka tarar da mata sun kewaye daro cike da albasa suna yankawa, kowa na share hawaye da bakin zane. Kun san albasar Aliero ba ta da mutunci. Da suka gan mu, hira ta mutu.

Sista ba ta iya zama hannu rabbana ba. Ta ja kujera 'yar tsugunno, ta ɗauki wuƙa ta fara yanka. Ta yanka, ta yanka, idonta ƙamas. Ni ma a lokacin ban san gilashin nan yana tare yajin albasa ba.

Inna Ige, tsohuwar gidan, wadda in ta yi magana ba mai ɗorawa, ta nuna ta da baki. "Kun gani ko? Mi nic ce muku? Wagga ba mutum ba ta. Ko albasa ba ta san ta ba."

Na yunƙura zan mayar da magana, Sista ta dafa gwiwata. Ta nemi ruwa da sabulu, ta wanke hannu tas, ta sake wankewa. Sannan a gaban kowa ta ja fatar idonta ta fitar da abin, ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka tashi da gudu har da kifar da kwano. Ta miƙa tafinta gaban Inna Ige ta ce, "Inna, ga shi. Tabarau ne. In babu shi ko fuskarki ba na gani."

Ta adana shi a gwangwaninsa, ta laluba ta ɗauki wuƙa ta koma kan albasa. Nan da nan hawaye ya ɓalle. Tana yanka tana kuka kamar kowa, kuma da yake ba ta gani, sai ta yanke yatsa. Jini ya zubo a kan farar rigarta.

Inna Ige ta daɗe tana kallonta. Can ta yagi bakin tsohon ɗankwalinta, ta matso ta kama yatsan tana ɗaurewa. "Aje wuƙag ga, ɗiyata. Ashe makauniya munka yi ta gudu."

Gida ya kece da dariya. Matan da suka gudu suka dawo, kowa na son leƙa gwangwani. Amma ni da ke kusa da ita na lura an kwashe daron albasa an kai madafa, hawayen Sista bai tsaya ba.

Asibiti ya sake cika. Ta yi shekaru da yawa tare da mu, ta karɓi haihuwar yaran da yanzu wasunsu ke da nasu 'ya'yan. In ta shiga Aliero, yara na binta suna roƙon ta cire ido su gani.

Ganina na ƙarshe da ita bayan babbar sallar bara ne. Na ɗauki ɗan buhun albasa na shiga mota na je har gidan tsofaffin. Na same ta a baranda cikin keken guragu, idon ya tafi gaba ɗaya, ba tabarau ba kontak. Ban yi sallama ba, na ajiye buhun a gefenta. Ta ɗaga hanci ta ce, "Aliero. Kulu, ke ce?"

Mun yi hira, mun lissafa waɗanda suka mutu, sun fi waɗanda suka rage yawa. Da zan tafi ta riƙe hannuna, ta nuna mini tabon yatsan. Ta ce, "Ranar nan albasa ce ta fara, amma ba ita ta ƙarasa ba. Tun da na bar gidanmu ba wanda ya ce mini ɗiyata sai Inna Ige."

Shekara da shekaru muna aiki kafaɗa da kafaɗa, ina ganin kamar ni ce mai kaɗaici ita ce mai rarrashi.

Yanzu Inna Ige ta daɗe a ƙasa. Asibitin ya zama shagon taki. 'Ya'yana suna Sakkwato da Abuja, in na kira su za su ce Allah sarki, su koma aikinsu. Na yi rashin ƙawa, kuma ba wanda zai shimfiɗa tabarma a ƙofar gidana ya zo mini gaisuwa, don ba a san ni da ita dangi ne ba.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasan wannan. Na yi karatu daidai gwargwado, na san iyakata. Hukuncinta yana wurin Wanda ya halicce ta, Shi ya san ta fiye da ni. Ni dai shaida nake bayarwa, ban ga sharrinta ba ko sau ɗaya.

Allah Ya ba danginta da 'yan uwanta Sistoci haƙurin rashinta. Allah Ya raya duk wanda ya faɗo duniya a hannunta. Allah Ya sa kada baƙo ya sake zama a cikinmu shi kaɗai muna gudunsa.

'Yan uwana Kirista, ku yi mata addu'a irin taku. 'Yan uwana Musulmi, ku roƙa mini dangana. In kuma an haife ka a Jega ko Aliero ko Maiyama a shekarun nan, tambayi mahaifiyarka ko ta tuna Sista mai cire ido. In ta tuna, don Allah ka kawo ta gidana ta yi mini gaisuwa.