Hoton Inna a Ƙarƙashin Murfin Sikana

Wata rana da hantsi, wani direban tifa mai suna Tasi'u ya shiga wani shagon buga takardu da ke bakin tasha a Funtuwa, riƙe da ambulan da hannu biyu.

Hoton mahaifiyarsa ne a ciki, Allah Ya ji ƙanta.

Shi kaɗai ne hotonta a duk faɗin duniya. Yayarsa Balaraba ce ke ajiye da shi a ƙasan akwati, kuma sai da ya yi ta rantse-rantse kafin ta ba shi aro. So yake a ƙara girmansa ya rataya a ɗaki, 'ya'yansa su san fuskar kakarsu.

Tasi'u ba mugu ba ne, kyauta gare shi har ta yi yawa. Amma zuciyarsa a kusa take. Kowa a tashar ya sani, hannunsa na riga bakinsa magana.

Mai shagon, Malam Nafi'u, dattijo ne siriri mai yawan dariya. Ya karɓi hoton, ya ɗaga murfin babbar firintar, irin mai sikana a samanta, ya kifa shi a kan gilashi, ya rufe.

Ga wanda bai taɓa lura ba, aikin sikana kallo ne kawai. Akwai doguwar fitila a ƙarƙashin gilashin, tana tafiya a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Haskenta ya bugi takardar ya dawo, idon na'urar ya ɗauka layi-layi, ya aika wa kwamfuta. Ba ta taɓa takardar, balle ta ƙona ta. Sai dai ba ta da kara ko kaɗan: duk abin da ke kan gilashin, ko gashi ne ko ɗigon tawada, haɗawa take ta ɗauka.

Tasi'u bai san wannan ba.

Abin da ya gani shi ne wani haske mai ƙarfi yana tsiyayowa ta gefen murfin yana tafiya, na'urar tana gurnani, kuma Innarsa tana ciki.

Hoton ya fara bayyana a fuskar kwamfuta. Ɗankwali. Goshi.

Sai wani baƙin tabo, ɓaro-ɓaro, ya cinye mata ido ɗaya da rabin kumatu, kamar an ɗosa mata garwashi.

Malam Nafi'u ya yi dariya.

Shi ya san abin da ya faru. Da safe wani ya kawo takarda da ɗanyen hatimi, tawadar ta manne a gilashin ta bushe. Ya juya yana laluben tsumma.

Tasi'u kuwa, abin da ya shiga kansa shi ne an ƙona masa uwa, ana kuma yi masa dariya.

Bai tambaya ba.

Ya shaƙo wuyan rigar dattijon, ya zabga masa mari, hularsa ta faɗa bayan kantar shagon. Ya ƙara masa wani. Ya hankaɗa shi, ƙeyarsa ta daki gefen teburin ƙarfe, jini ya ɓalle ya gangaro cikin wuyan riga. Malam Nafi'u yana ɗaga hannu yana son magana, Tasi'u ya naushe bakin.

Maƙwabta suka yo ciki. Wani mai shayi ya riƙe Tasi'u ta ƙugu, shi kuwa ya watsar da shi. Ƙafarsa ta sarƙe wayoyin wuta, ya fizge su gaba ɗaya, kwamfutar ta mutu.

Sannan ya sunkuci kujerar katako, ya ɗaga ta sama, ya sauke ta a kan murfin firintar da iya ƙarfinsa.

An ji ƙarar gilashin har bakin titi.

Ya tsaya yana haki.

Tasi'u ya nuna dattijon da yatsa. "Ka ƙona min hoton uwata kana dariya."

Malam Nafi'u yana zaune a ƙasa, ya tofar da jini. "Bawan Allah, tawada ce a jikin gilashi. Gogewa zan yi mu sake. Hoton mahaifiyarka ko ƙwarzane bai yi ba."

"To yana ina?"

"Yana inda ka daka."

Tasi'u ya ɗaga karyayyen murfin.

Gilashin ya rufta ciki, ya tafi da hoton. Tsohuwar takarda ce, ta bushe, ba ta da sauran ƙwari. Tsinin gilashi ya tsaga ta daga goshi zuwa haɓa, wani ya huda baki, ƙarfen fitilar ya kankare rabin fuskar. Ya zura hannu ya zaro guntun da ya fi girma, gilashi ya yanke shi bai ma ji ba.

Idon Inna ne a jiki, wanda ya ce an ƙona. Garau yake, babu ko ɗigon baƙi.

Ya juya ga matacciyar kwamfutar, murya ƙasa-ƙasa. "Baba, wanda ya fito a ciki fa? Ko da tabon ina so."

"Gwaji ne ya nuna mana. Ban kai ga adana shi ba."

Ƙato guda ya durƙusa a cikin fasassun gilasai yana tsintar fuskar mahaifiyarsa, yana kuka kamar ranar da aka binne ta. Wallahi duk haushinsa da mutane ke ji, sai da tausayinsa ya kama su.

Darasi: Abin da ido ya gani a fuskar kwamfuta ba lallai shi ne abin da ke ƙarƙashin murfi ba. Idan zuciya ta taso maka, ɗaga murfin ka duba, ko ka buɗe baki ka tambaya. Mai fushi yana zaton kare abin da yake so yake yi, alhali sau da yawa a kansa dukan yake sauka.

Akwai mutum ɗaya a danginku ko wurin aikinku da kowa ke lallaɓawa saboda zafin zuciya. Ka san shi. Tura masa wannan, in kuma kai ne, sake karantawa kafin ka tura wa wasu.