Alwashin da Yaya Sule ya zo da shi daga Bama

Shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar yayana Sule, amma har yau idan watan Zulhajji ya kama sai in ji gabana yana faɗuwa, kamar yadda yake yi lokacin da Yaya yake raye. A filin Arfa ya cika, ranar tsayuwa, da harami a jikinsa. Mutane sukan ce mini irin wannan mutuwa murna ake yi wa mai ita. Na yarda. Sai dai ni ne na shekara bakwai ina jin tsoron zuwan ranar, kuma da aka binne shi ba a binne tsoron ba.

Yaya Sule soja ne. Turawa suka kai su yaƙi ƙasar Bama, can bayan Indiya. Zazzaɓi ya kayar da shi a daji, rundunarsu ta wuce ba ta sani ba. Wanda ya tsince shi wani tsoho ne mai aski ƙwal, da mayafi ruwan ɗorawa, cikin mabiya addinin Buddha da suka rabu da duniya. Ya yi jinyarsa a wata rumfar gora, kuma a tabarmar da ke kusa da tasa wani sojan Japan ne kwance, ƙafarsa na ruɓewa. Da cokali ɗaya tsohon yake ba su kunun shinkafa. Da aka zo ɗaukar Yaya, ya roƙi wani Ba'indiye Musulmi, ma'aikacin asibitin soja, ya tambayi tsohon me ya sa yake wannan wahala. Tsohon ya ce alwashi ya ɗauka a gaban malaminsa: ba zai kashe mai rai ba ko da sauro ne, ba zai yi ƙarya ba, ba zai juya wa mai neman taimako baya ba, kuma ba ya neman hutun kansa sai duk wani mai rai ya fita daga wahala.

Wannan magana ta biyo Yaya har gida, ta kuma biyo mu hanyar Sudan da muka taso aikin Hajji ni da shi. Da muka sauke farali muka zauna a Makka. Ni na kama ɗinki, shi ya sayi salka yana kai ruwa gidaje. A shekararmu ta farko ya ga yadda rana ke zubar da tsofaffin alhazai a Arfa, jama'a na tsallake su. Da muka dawo ya gaya mini ya yi wa Allah alkawari a gaban Ka'aba: muddin yana da ƙafa, ba zai shiga inuwa ranar Arfa ba alhali akwai wanda ke kwance a rana.

Tun daga nan hankalina bai sake kwanciya ba, kuma ba rana kaɗai nake tsoro ba. Yaya ba ya iya riƙe bakinsa a kan tsohon nan. Wata rana da hantsi muna shan shayi a gahawa, wato shagon mai shayi, ya soma labarin, sai wani maƙwabcinmu, Alhaji Bawa, ya ajiye kofinsa ya ce, “Kai Sule, a garin nan mai alfarma kake yabon mai bautar gunki?” Mu baƙi ne, ba mu da wata takarda mai ƙarfi, magana ɗaya in ta kai inda bai kamata ba ta isa a ɗora mu a jirgin ruwa. Sati biyu ina ɗinki, da na ji takun baƙon takalmi a ƙofar shago sai allura ta soke ni.

Ni na ja shi wurin wani tsohon malami Basakkwace mai karantarwa a Harami. Malam ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, “Wa ka yi wa alkawarin?” Yaya ya ce, “Allah, Malam.” Ya ce, “To ka cika. Shayar da mai ƙishi aikinmu ne tun asali, ko a ina ka ga an tuna maka. Amma ka rage faɗin labarin a kasuwa, kuma ka sani jikinka ma amana ne.” Yaya ya riƙe ta farkon, ya ɗan kamanta ta biyu, ta ukun kuwa ko a jikinsa.

Shekarar da ya rasu Hajji ya faɗo tsakiyar zafi, ga shi ya tashi daga ciwon ciki bai gama murmurewa ba. Da safe na riƙe igiyar salkarsa na ce, “Yaya, bana ka zauna a tanti. Ka yi kaffara, Allah ya ga halinka.” Ya ce, “Isa, na ga mutumin da bai san alƙibla ba yana wanke gyambon abokin gabana. Ni da na sani in zauna a inuwa?” Na saki igiyar da fushi, ban ko ce masa a dawo lafiya ba. Ina jin muryarsa tana nisa, yana shelar ruwan sadaka da Larabci, “Moya sabil! Moya, ya hajj!” Bayan la'asar wasu alhazan Jawa, mutanen Indunusiya, suka kawo shi a kan bargo. Sun ce ya goyo babansu har bakin tantinsu, ya sauke shi, ya juya, sai ya faɗi.

Yanzu ina zaune a unguwar Shisha, nan Makka, tare da jikokina, waɗanda Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba. Bas-bas ke kai mutane Arfa da Muzdalifa, ga famfo ko'ina, ga motocin asibiti. Da Yaya zai ga haka na san zai yi hamdala, don ba ya cikin masu son wahala don a gan su. Abin da ban sani ba shi ne me zai ce game da mu. Tunda aka sami ma'aikatan da aikinsu ke nan, kowa ya sami dalilin wucewa. Na gwada ba jikokina labarinsa, sai na tarar ina rage murya idan na zo kan tsohon Bama, kamar har yanzu Alhaji Bawa na zaune a gefe. Ina tsoron in na tafi labarin ya tafi, ko a bar rabinsa, a ce Sule mai ruwa ya mutu a Arfa, a manta wanda ya fara ba shi kunu.

Yaya bai bar gida ko ɗa ba. Abin da ya rage nasa alkawari ne da ba ni na ɗauka ba, amma ya ƙi barina in huta. A watan jiya ina cikin tasi da azahar na hango wani dattijo zaune dirshan a bakin titi, ya dafe kansa, takalminsa ɗaya a gefe. Na ce wa direba ya tsaya. Ya ce ba wurin tsayawa, masu aikin za su zo. Ban maimaita ba. Na juya ina kallonsa ta gilashin baya har muka sha kwana, kuma har yau ban san ko sun zo ba.