Igiyar Mushe Isufu da Sunan da Aka Goge

Shekara tara ke nan cif da rasuwar yayana, Mushe Isufu, malamin Ingilishi a kwalejin garinmu Gure. Mushe dai haka muke kiran malamin boko a nan. Duk shekara idan ranar ta zagayo, addu'a nake yi, in ba da sadaka, in ja bakina in yi shiru. Bana kam shirun ya gagare ni.

Duk wanda ya zauna ajinsa ya san igiyar nan. Akwai darasin da ke kayar da yara a jarrabawa, wato yadda Bature ke raba aikin da ake cikin yi a baya da abin da ya auku sau ɗaya ya wuce. Mu da muka tashi da Hausa da Barbarci, aka ɗora mana Faransanci a lakol, wato makarantar boko, sai abin ya cakuɗe mana. Yaya ba ya fara darasin nan da alli. Igiyar kaba yake shigowa da ita, ya sa a miƙe ta daga bango zuwa bango, ya ce ga aikin da ake ciki, mai tsawo. Sai ya zaro wuƙa ya datse ta, ya ce ga abin da ya faɗo ya wuce. Abokan aikinsa har dariya suke yi masa, wai Mushe ya mai da aji turken awaki.

Misalansa kuwa ba na jirgin ƙasa da dusar ƙanƙara ba ne. Daga gidanmu yake kwaso su, kuma ni ce ta farko. Ina yarinya ina jan ruwa a rijiyar lambun babanmu cikin kwari, igiya ta tsinke, guga ya tafi, na sha faɗa. Yaya ya mai da abin jimla: Hauwa tana jan ruwa sai igiya ta tsinke. Na yi shekaru 'yan makaranta suna rera mini ita da Ingilishi a kasuwa. Na yi mita har na gaji, shi ko sai dariya.

Darussan nan ya rubuta su da hannunsa, kaye uku cike, wato littattafan rubutu. Yana cikin na huɗu ciwo ya kwantar da shi. Bayan sadakar arba'in, wani abokin aikinsa ya zo gida da hawaye shaɓe-shaɓe, ya ce a ba shi kayen zai kai Damagaram a buga da sunan marigayi. Matar Yaya ta ƙi. Ni na lallashe ta, na ce ai ɗan gida ne. Wannan magana tawa har yau tana ci mini rai.

Watan jiya ɗiyata Zainabu, mai shirin jarrabawar fita kwaleji, ta dawo da wasu takardun fotokofi da aka ɗinke, ta ce kowa a ajinsu da su yake karatu. Na buɗe shafi na uku, sai ga Hauwa tana jan ruwa. Na juya bango, sai ga sunan abokin aikin nan nasa baƙi ƙirin, shi kaɗai. Ko sunana bai iya canzawa ba, na mai aikin ya goge. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi!

Na yafa gyale na same shi har gida. Na ce, "Mushe, ina amanar da muka ba ka?"

Ya ce, "Haba Hajiya, ilimi ai ba na mutum ɗaya ba ne."

Na ce, "To me ya sa sunan mutum ɗaya ne a bango?"

Sai ya shiga tambayata lafiyar maigida.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan. Na san halinsa, zancen suna ba zai dame shi ba. Abin da zai tayar masa da hankali shi ne an cire igiyar. Shafin da ya bayyana yadda ake miƙe ta a datse ta babu shi, wataƙila don ya yi kama da ƙauyanci. Yara yanzu haddace jimlolin suke yi kamar waƙa. Na tambayi Zainabu me ya raba jan ruwan da tsinkewar igiyar, ta tsaya tana kallona. Ɗiyar ƙanwar Mushe Isufu! Ranar na kwance igiyar shanya na nuna mata a tsakar gida, idona yana kawo ruwa don takaici.

Shi mai yafiya ne, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ni ban kai shi ba. Kayan aro ba ya rufe katara. An gaya mini akwai ɗalibansa biyu da ke koyarwa a Kelle da Gamu, har gobe da igiya suke shiga aji, kuma sukan faɗi wanda ya koya musu. Wannan babu mai iya goge shi.

Ba na neman komai daga hannun kowa sai abu guda. Iyaye, duk wanda ɗansa ke da takardun nan, ya buɗe shafi na uku. Hauwar da ke jan ruwa ni ce, ina da raina, ina nan Gure, kuma na san wanda ya rubuta ni. A ɗauki bik, wato biro, a juya bango a rubuta: Mushe Isufu.